Heinrich Hertz: Mutumin da Sunansa ke Jikin Janareta da Agogon Hannu

Duk wanda ya taɓa duba bayan cajar waya ko ɗan allon da ke manne a jikin janareta ya ga an rubuta 50Hz. Mai sauraron rediyo kuma kullum yana jin ana cewa megahaz kaza. To, haruffan nan biyu sunan mutum ne aka taƙaita, wani Bajamushe mai suna Heinrich Rudolf Hertz, wanda ya rasu yana da shekara 36 kacal. Shi ne ya fara haɗa eriya da hannunsa, ya aika igiyar rediyo ta cikin iska, ya kama ta a ɗaya gefen ɗaki, ya auna ta.

Dalili biyu suka sa na zaɓe shi a wannan fitowa. Na farko, yanzu da wuya ka ga furojet na 'yan lantarki ko 'yan kwamfuta da babu Bluetooth ko Wi-Fi a ciki, amma kaɗan ne daga cikinmu ke tsayawa su tambayi yadda saƙon ke fita daga allon. Na biyu, rayuwar mutumin nan ta ratsa ta makarantu irin namu, kuma a ganina akwai abin da ya shafe mu a cikinta, mu da ake yawan nuna wa cewa takardarmu ba ta kai ta jami'a ba.

Yaro mai littafi da kayan aiki

An haife shi a birnin Hamburg ranar 22 ga Fabrairu, 1857, shi ne babba a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa, Gustav Ferdinand Hertz, lauya ne wanda daga baya ya zama sanata a majalisar birnin. Gidan masu hali ne, kuma gidan karatu. Yaron ya yi fice a lissafi da harsuna, har Larabci sai da ya koya. Amma bai tsaya ga littafi kawai ba. Ya koyi aikin kafinta, ya kuma samu injin nan da ke juya katako ko ƙarfe ana feƙe shi, yana ƙera 'yan kayan gwaje-gwajensa da kansa. Ana ba da labari cewa da malamin da ya koya masa wannan sana'a ya ji ya zama farfesa, sai ya nuna takaici, don a wurinsa an yi asarar gwanin maƙeri ne. Ku riƙe wannan a rai, domin hannun nan da ya saba da kayan aiki shi ne zai yi masa rana nan gaba.

Da ya gama sakandare a 1875, niyyarsa ya zama injiniya. Ya yi kusan shekara guda yana koyon aiki a ofishin gine-gine a Frankfurt, wato kamar SIWES ɗinmu ke nan. A 1876 ya shiga foliteknik ta Dresden, bai daɗe ba aka kira shi aikin soja na shekara guda a rundunar jiragen ƙasa a Balin. A 1877 ya tafi Munich don ci gaba da karatun injiniya, sai zuciyarsa ta karkata ga kimiyyar fiziks. Ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa yana neman izinin sauya fanni, tunda shi ke biyan kuɗin. Uban ya amince. Wanda ya taɓa tsayawa gaban Baba yana bayanin dalilin da zai sa ya canza kwas ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A 1878 ya koma Jami'ar Balin, wurin manyan malamai biyu, Hermann von Helmholtz da Gustav Kirchhoff. E, Kirchhoff ɗin nan dai da dokokinsa ke ba mu ciwon kai tun ND 1. Ya samu digirin dakta a 1880 yana ɗan shekara 23, ya zauna shekara uku yana mataimaki ga Helmholtz. A tsakanin nan ne ya yi lissafin abin da ke faruwa idan abubuwa biyu masu lanƙwasa suka danni juna, kamar ƙwallon boris da mazauninsa, ko tayar jirgin ƙasa da dogo. 'Yan makanikal har gobe suna amfani da wannan lissafi, kuma da sunansa ake kiran sa.

Tambayar da ya ajiye shekara bakwai

A wancan zamani akwai gardama babba tsakanin masana. Wani ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya fito da lissafi a 1865 da ke nuna cewa lantarki da maganaɗisu suna iya tafiya tare a sarari kamar raƙuman ruwa, da saurin haske, kuma shi kansa haske irin wannan igiya ce. A takarda abin ya yi kyau, sai dai babu wanda ya taɓa ganin sa a gwaji. A Jamus da yawa sun fi yarda cewa ƙarfin lantarki yana isa nesa ne nan take, ba tare da ya ɗauki lokaci a hanya ba. Maxwell ya rasu a 1879 ba a warware maganar ba.

A wannan shekarar ce cibiyar kimiyya ta Balin ta sa gasa a kan wani ɓangare na matsalar, Helmholtz kuma ya nuna wa ɗalibinsa cewa ya gwada. Hertz ya zauna ya yi lissafi, ya ga cewa da kayan da ake da su ba za a iya sa lantarki ya yi kai da komo da saurin da ake buƙata ba, don haka abin da za a auna zai yi ƙanƙanta ainun. Sai ya ajiye. Ni wannan ya fi burge ni a kan wasu nasarorinsa, domin ya yi lissafi kafin ya sayi ko ƙusa ɗaya. Mu kuwa sau nawa muke zaɓen taken furojet don ya yi daɗin faɗi, sai an kashe kuɗi sannan a gane ba zai yiwu ba?

A 1883 ya tafi Kiel yana koyarwa, inda babu ɗakin gwaji na kirki, abin ya dame shi ƙwarai. A 1885 aka ba shi kujerar farfesa a Karlsruhe. Makarantar nan an kafa ta ne a 1825 a matsayin foliteknik, kuma a shekarar da ya zo ne aka sauya mata suna zuwa babbar makarantar fasaha. Injiniyoyi take yayewa, ba ta da sunan da Jami'ar Balin ke da shi, amma tana da kayan aiki. A 1886 ya auri Elisabeth Doll, 'yar wani malami a makarantar, suka haifi mata biyu, Johanna da Mathilde.

Tartsatsi a cikin duhu

Wajen ƙarshen 1886, yana gwada wasu naɗaɗɗun wayoyi da ake amfani da su wajen koyarwa, sai ya lura cewa idan tartsatsi ya tashi a ɗaya, wani ɗan ƙarami yana tashi a ɗayan, alhali ba a haɗe suke ba. Wani da ya wuce abinsa. Shi kuwa tambayar nan ta 1879 tana nan a ransa, sai ya gane cewa tartsatsi ne zai ba shi saurin kai da komon da ya rasa a da.

Ga yadda ɗaya daga cikin na'urorinsa na farko take. Wayoyin jan ƙarfe biyu, kowace mita ɗaya, a miƙe baki da baki, da tazarar kimanin milimita 7.5 a tsakiya. A ƙarshen kowace akwai ƙwallon tutiya mai faɗin santimita 30. Wani kwayil mai ɗaga ƙarfin wuta yana cika su da caji har tartsatsi ya tsallaka tazarar, daga nan lantarki ya riƙa kai da komo a jikin wayar wajen sau miliyan 50 a daƙiƙa guda. Wannan ita ce eriyar da muke zanawa a allo a yau, mai hannu biyu. Abin karɓa kuwa zoben waya ne da aka bar wa 'yar tsaga wadda ake daidaitawa da sukuru. Babu batir a jikinsa, babu komai. Idan igiyar ta iso, sai ɗan mitsitsin tartsatsi ya bayyana a tsagar. Sai an rufe tagogi, ido ya saba da duhu, wani lokaci har da gilashin ƙara girma, sannan a gan shi. Haka ya riƙa yawo da zobe a ɗakin lacca, yana alama a wuraren da tartsatsin ya yi ƙarfi da inda ya ɓace.

A 1888 ya kafa faifan tutiya a bango. Igiyar da ke tafiya da wadda ta dawo suka haɗu, suka ba da wuraren ƙarfi da na shiru a jere, kuma daga tazarar da ke tsakaninsu ya samu tsawon zangon igiyar. Wajen ƙarshen shekarar ya rage na'urar har tsawon zangon ya dawo kimanin santimita 66, ya sa ta a tsakiyar wani lanƙwasasshen faifan tutiya mai tsayin mita biyu, kakan dish ɗin da ke kan rufin gidajenmu. Ya nuna igiyar tana tafiya a miƙe, ƙarfe yana tare ta, tana ratsa ƙofar katako. Ya zuba kwalta mai nauyin ɗaruruwan kilo a akwati mai kusurwa uku, igiyar ta karkace a cikinta yadda haske ke karkacewa a gilashi. Ya jera wayoyi a firam, ya ga idan ya juya su wata fuska igiyar ta wuce, idan ya juya ɗaya fuskar ta tsaya. Duk abin da haske ke yi, ita ma ta yi. Gani ya kori ji, gardama ta ƙare, Maxwell ne ke da gaskiya.

Ba komai ne ya tafi daidai ba fa. A farko awonsa ya nuna kamar saurin igiyar a jikin waya ya bambanta da na iska. Masanin lissafin Faransa Henri Poincaré ya gano kuskure a wani lissafinsa, sannan ɗakin kansa ya yi ƙanƙanta, ga ginshiƙan ƙarfe da bangaye suna dawo da igiyar suna dagula awo. Daga baya wasu masana biyu a Janeba, Sarasin da de la Rive, suka maimaita gwajin a fili mai girma, suka ga saurin ɗaya ne. Hertz ya karɓi gyaran a rubuce.

A hanya kuma, a 1887, ya lura cewa idan wani irin haske da ido ba ya gani, wanda ke gaba da shuɗi, ya faɗa kan tsagar, tartsatsin ya fi saurin tashi. Ya rubuta abin da ya gani dalla-dalla, bai ƙirƙiro bayanin da ba shi da hujja a kai ba. Sai a 1905 Albert Einstein ya yi bayanin abin, kuma a kansa ne aka ba shi kyautar Nobel ta 1921.

Daga ɗakin lacca zuwa tsintsiyar hannu

Yanzu bari mu zo inda abin ya shafi aljihunmu. Ƙa'idar ba ta da wuya: ka raba 300 da yawan megahaz, ka samu tsawon zango a mita. Shi ya sa tashoshin gajeren zango ke cewa a kama su a kan mita 19 ko mita 25. FM na wajen megahaz 100, zangonsa mita 3 ke nan. Eriya kuwa ta fi aiki idan tsawonta ya kai rabi ko rubu'in zango. Rubu'in mita 3 shi ne santimita 75, kuma wannan ba zai shiga cikin waya ba. Ka ga dalilin da ya sa wayoyi da yawa ba sa kama FM sai ka sa iyafis, igiyar iyafis ɗin ce eriyar.

Hertz ya san wannan alaƙa sarai. A 1889 wani injiniya mai suna Huber ya rubuto yana tambaya ko za a iya aika maganar tarho ta wannan hanya. Hertz ya amsa masa da lissafi cewa kaɗawar murya ta yi jinkiri da yawa. Kaɗawa dubu a daƙiƙa tana nufin zango mai kilomita 300, wanda zai buƙaci faifai mai girman nahiya. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin rashin hangen nesa. Ni dai a ganina amsar daidai take da tambayar. Dabarar ɗora murya a kan igiya mai saurin kaɗawa daga baya ta zo, kuma ta zo ne don a kauce wa wannan matsala ta girman eriya da ya nuna.

To, ɗauki agogon zamani mai haɗuwa da waya. Bluetooth na aiki a megahaz 2400, zangonsa santimita 12.5, rubu'insa ya ɗan haura santimita 3. GPS na wajen megahaz 1575, zangonsa santimita 19, rubu'insa ya kusa 5. Duk faɗin agogon bai fi santimita 4 ko makamancin haka ba, ga batir, ga fuska, ga allo. Iyafis marar igiya ya fi haka matsi. Ina za a sa eriya?

Dabarun da ake bi suna da tushe a ɗakin Hertz. Waya mai mita biyu zalla da ta yi kaɗawa wajen megahaz 75, amma ƙwallayen tutiyar nan sun yi aikin kafasita, suka sauko da ita wajen 50. Wato sun sa gajeriyar eriya ta yi aikin doguwa. Masu zanen yau haka suke yi da ɗan faifan jan ƙarfe a ƙarshen layi. Suna kuma naɗe layin yana zigizag a gefen allo, ko su lanƙwasa shi ya zama kamar harafin F a kife, ko su ɗora shi a kan ɗan guntun tangaram na musamman wanda ke gajarta zango a cikinsa. A wasu agogunan, zoben ƙarfen da ya kewaye fuskar shi ne eriyar. Zoben karɓa na Hertz ma bai mutu ba. Katin banki da ake ɗorawa a kan POS ba tare da an zura shi ba yana aiki a megahaz 13.56, zango mai mita 22, don haka ba a ma ƙoƙarin yi masa eriya mai rubu'in zango. Naɗaɗɗiyar waya ce a cikin katin, tana ɗaukar maganaɗisu daga kusa. Bambancin abin da ke faruwa dab da eriya da abin da ke tafiya nesa kuwa, Hertz ne ya zana shi a wata takarda da ta fito a 1889.

Sai dai ba a cin riba biyu. Harold Wheeler a 1947 da Lan Jen Chu a 1948, dukkansu a Amurka, sun nuna da lissafi cewa idan eriya ta yi ƙanƙanta sosai a kan zangonta, dole a biya da ɗayan biyu: ko faɗin tashoshin da take iya ɗauka ya ragu, ko wutar da ake ba ta ta riƙa zama zafi maimakon ta fita. A na'urar da batirinta bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, wannan asara ita ce bambancin caji kullum da caji sau ɗaya a mako.

Sannan ga jikin mutum. Yawancinsa ruwa ne mai gishiri, yana shanye igiya a irin wannan zango, yana kuma goce da eriya daga inda aka saita ta. Na'urar da ta yi aiki lafiya a kan tebur tana iya rasa haɗi da an ɗaura ta a hannu, ballantana an yi gumi. Shi ya sa ake sa faifan ƙasa tsakanin eriya da fata, ake gwada ta a jikin mutum-mutumi mai ruwan da ke kwaikwayon nama, hukumomi kuma suka sa iyaka ga yawan wutar da jiki zai sha. Matsalar ginshiƙan ƙarfen ɗakin Karlsruhe ce ta dawo: abin da ke kewaye da eriya ya zama ɓangarenta. Don haka mai furojet, kada ka kulle ɗan allon Wi-Fi ɗinka a akwatin ƙarfe, kada ka bi da waya ko ka manna batir a kan zigizag ɗin nan na gefe, kuma ka gwada shi a inda zai zauna da gaske kafin ranar difens.

Ƙarshen gajeriyar rayuwa

Suna ya zo masa da sauri. A 1889 ya koma Jami'ar Bonn, ya gaji kujerar Rudolf Clausius. A 1890 ƙungiyar masana ta Landan ta ba shi lambar Rumford. A 1892 ya nuna cewa wani haske da ke fitowa a bututun gilashin da aka zuƙe wa iska yana ratsa siririn faifan ƙarfe, aikin da mataimakinsa Philipp Lenard ya ci gaba da shi. A wannan shekarar ce ciwo ya kama shi, ya fara kamar mura, ya bi hanci da kunne, aka yi ta yi masa aiki ba sauƙi. Cikin ciwon ya kammala littafinsa a kan tushen ilimin motsi. Ya rasu a Bonn ranar 1 ga Janairu, 1894, aka binne shi a maƙabartar Ohlsdorf a Hamburg. Helmholtz, malamin da ya binne ɗalibinsa, shi ya rubuta wa littafin gabatarwa, shi ma ya rasu a watan Satumba na shekarar.

A wannan shekara ta 1894 wani saurayi ɗan Italiya mai shekara 20, Guglielmo Marconi, ya karanta labarin gwaje-gwajen Hertz, ya fara nasa a gidan mahaifinsa. A 1901 ya aika sigina daga Ingila zuwa Newfoundland, ta tsallake tekun Atlantika. A Kalkata ta Indiya kuma Jagadish Chandra Bose ya bi ɗaya hanyar, ya rage zango har zuwa 'yan milimita. A shekarun 1930 hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ma'aunan lantarki ta sa wa kaɗawa ɗaya a daƙiƙa sunan Hertz, a 1960 aka shigar da shi cikin ma'aunan duniya.

Duk da haka iyalinsa ba su tsira ba. Dangin mahaifinsa asalinsu Yahudawa ne da suka koma Kirista tun kafin a haife shi. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, sai aka cire hotonsa daga zauren majalisar Hamburg. 'Yarsa Mathilde, wadda ta yi suna wajen nazarin halayyar dabbobi, ta rasa damar koyarwa. A tsakiyar shekarun 1930 ita da mahaifiyarta da yayarta suka yi hijira zuwa Ingila. Ƙasar da ke cika iska da farfaganda ta rediyo ita ce ta kori iyalin wanda ya gano igiyar.

Ba zan ce Hertz ɗan foli ne ba, domin digirinsa na jami'a ne, kuma lissafinsa mai zurfi ne. Amma abin da ya rufe gardamar da ta gagari manyan jami'o'i an yi shi ne a makarantar horar da injiniyoyi, da waya da tutiya da kwalta, a hannun mutumin da ya iya lissafi kuma ya iya feƙe ƙarfe. Mu an ba mu wokshof, sai wasunmu ke gudun lissafi, wasu kuma ke biyan kuɗi a haɗa musu furojet a kasuwa. Duka biyun asara ce. Shawarata ga ƙungiyoyin sassan lantarki ita ce a zangon karatu mai zuwa a ware rana guda, kowane rukuni ya lissafa tsawon eriyar FM mai hannu biyu don tashar da ya zaɓa, ya yanka waya, ya yi soda, a gwada a ga ta wa ta fi kamawa. Kayan ba su wuce waya mita biyu da ƙaramar rediyo ba.